Amsoshin Tambayoyinku: Shin tramol maganin ciwon damuwa ne?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Takardar farko ta fito daga wani ɗan kabu-kabu a unguwar Zariya, nan Maradi. Ya ce ya ji masana na gwada wa ɓeraye maganin ciwon damuwa mai aiki irin na tramol, to ashe abin da abokansa ke sha magani ne ke nan?

Malam, labarin yana da tushe, amma a'a. Ƙwaƙwalwa tana da nata sinadaran kashe zafi, a 1975 aka gano na farko a Sikotilan. Kowanne da inda yake kamawa a jikin jijiya, kamar ɗan makulli da kwaɗonsa. Akwai wurin da ake kira miyu, shi tramol da kodin ke taɓawa, mutum ya ji daɗi na ɗan lokaci, jiki ya saba, gobe ya nemi ƙari. Akwai kuma kappa, wanda ke tashi idan wahala ta yi yawa. Ɓeran da aka takura wa yakan rage sha'awar ruwan sukari, to in aka toshe masa kappa sai a ga sha'awar ta dawo. Nan ne masana suka fi sa rai, don toshe kappa ba ya bugarwa.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Wani maganin toshe kappa mai suna aticaprant ya kai matakin ƙarshe na gwaji a kan mutane, amma a 2025 kamfanin Johnson & Johnson ya dakatar da gwajin, amfaninsa bai kai yadda aka so ba.

Wata baiwar Allah daga Tibiri kuma ta ce, wai yaya ake gane ɓera na cikin damuwa? Hajiya, tun 1977 akwai gwajin da aka ƙirƙiro a Faransa: a saka shi a kwalbar ruwa, a auna lokacin da zai daina fafutuka ya tsaya yana shawagi. Masana da yawa na cewa wataƙila ƙarfinsa kawai yake tattalawa, ni ma na fi karkata nan.

Mu koma kan ɗan kabu-kabu. Tramol mai yawa na sa jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma danne numfashi. Don Allah ka gaya wa abokanka, wanda ya riga ya saba kar ya yanke rana ɗaya, ya je asibiti likita ya rage masa sannu a hankali, a kuma duba damuwar da ta kai shi ga sha.