Bronte, Garin Manoman Fustuk a Gindin Dutsen Etna

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau tafiyar tamu ta Sisili ce, tsibiri mafi girma a tekun Bahar Rum, wanda yake ƙarƙashin ƙasar Italiya. Mafi yawan baƙi in sun zo Sisili bakin teku suke tsayawa. Mu kuwa tudu za mu hau, zuwa wani gari na manoma mai suna Bronte, a ɓangaren yamma na Etna, dutsen nan mai aman wuta da tsayinsa ya haura mita 3,300. Garin yana kan tudun da ya kai wajen mita 760 daga saman teku, mutanensa kuma ba su cika 20,000 ba.

Ku dubi wannan ƙasa da kyau. Baƙa ce wuluk, duk tsakuwa da manyan duwatsu masu kaifi, ragowar narkakken dutsen da Etna ya amayar ya sandare. Duk manomin da aka kawo nan aka ce masa ga gona, zai ce wasa ake yi. Garma ba ta shiga, tarakta ba ta da hanya, ko tafiya a kai sai da takalmi mai ƙwari. Amma daga wannan ƙasa ake fitar da fustuk ɗin da masu dafa abinci a Turai suke rububinsa, har mutanen garin suna kiransa koren zinare.

Wanda ya taɓa zuwa aikin Hajji ko Umara ya san fustuk, ko da bai riƙe sunan ba. Shi ne ɗan itacen nan mai ɓawo mai tauri da yake tsagewa a baki, cikinsa kore, wanda ake jerawa kusa da dabino a shagunan tsaraba. Wanda ya fi yawa a kasuwannin duniya daga Amurka da Iran da Turkiyya yake fitowa. Na Bronte bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Ƙwayarsa siririya ce mai ɗan tsawo, fatarta ta ciki ja ce mai sirkin shuɗi, in aka ɓare kuma sai ka ga kore shar. Yana da maiƙo da ƙamshi, kuma ba a cika gasa shi da gishiri ba. An fi sa shi a girki da kayan zaƙi.

To, yaya itace yake rayuwa a kan dutse? Amsar tana wajen aure. Akwai wani itacen daji ɗan uwan fustuk, mai jure fari, wanda saiwarsa take kutsawa cikin tsagar dutse har ta fasa shi. Shi manoman Bronte suke bari ya kafu, sannan su yi masa aure da reshen fustuk, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro a lambunanmu. Daga nan sai haƙuri, domin sai an yi wajen shekara 10 kafin itacen ya fara ba da amfanin kirki. Akwai namiji akwai mace, iska ce take kwashe garin furen namijin ta kai wa matan, shi ya sa za ku ga namiji ɗaya tsaye a tsakiyar mata da yawa.

Ga kuma abin da ya kamata duk mai niyyar zuwa ya riƙe: a Bronte ba kowace shekara ake girbi ba. Shekara ɗaya a girba, shekara ɗaya a huta, kuma girbin yana faɗowa a shekarun da ba sa rabuwa biyu. Wato shekaru irin su 2023 da 2025 da 2027. A shekarar hutu manomi yakan bi itatuwansa ɗaya bayan ɗaya yana tsinke tohon 'ya'yan da hannu. Yana yin haka ne don itacen ya tara ƙarfi, kuma ƙwarin da suke cin 'ya'yan su rasa abin ci su ragu. Ni wannan ne ya fi burge ni a garin. Mutum yana ganin kuɗi na tohowa a gonarsa, ya sa hannu ya cire, saboda ya san abin da ƙasarsa za ta iya ɗauka.

Girbin yana farawa daga ƙarshen watan Agusta ya shiga Satumba, kuma in ya zo gari kan kusan watsewa. Maza da mata da yara da tsofaffi, har da 'yan gida da suke aiki a birane, duk sai su tare a ƙananan gidajen dutse da suke cikin gonaki. Tun da asuba ake fita, kafin rana ta yi zafi. Kowa da kwando ko jaka rataye a wuya, ana tsinko zangarniya da hannu, wasu kuma su shimfiɗa ƙyalle a ƙasa su girgiza reshe. Rassan suna rarrafe ne a kan duwatsu, don haka rabin aikin a sunkuye ake yinsa. Itacen yana fitar da ƙaro mai danƙo wanda yake manne wa hannu da tufafi, shi ya sa za ku ga mutane cikin dogon hannu da safar hannu duk da zafin da ake yi.

Abin da aka tsinko ba ya jira. Nan da nan ake zuba shi a injin da yake cire fatar waje, domin in ta daɗe a jiki ɓawon zai yi baƙi, darajarsa ta faɗi. Sai a baza shi a rana a ƙofar gida kwana uku ko huɗu, ana juyawa. In hadari ya taso, kowa ya ruga ya rufe. Da dare kuma ana kwana ana gadi, saboda tsadarsa ta sa ɓarayi suna bibiyarsa, har jami'an tsaro sukan yi sintiri a gonakin, wani lokaci da jirgi mai saukar ungulu.

Tarihin wannan noma yana da alaƙa da Musulunci, kuma alaƙar ta shafe mu. A shekarar 827 rundunar Musulmi ta taso daga ƙasar da yau ake kira Tunisiya ta sauka a Mazara, a kudu maso yammacin Sisili. Jagoranta malami ne, Asad ibn al-Furat, alƙalin birnin Ƙairawan na can Tunisiya, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina. Wato mai mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa shi ne ya karantar da wanda ya jagoranci shigar Musulmi tsibirin. Mulkinsu ya ɗauki fiye da shekara 200, har Normawa, mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa, suka kammala ƙwace shi a 1091. A wannan zamanin aka bunƙasa noman rani da hanyoyin ban ruwa, aka yaɗa lemon tsami da rake da auduga, kuma Larabawan ne ake danganta yaɗuwar noman fustuk da su. Sai dai a Bronte bai zama abin dogaron gari ba sai a ƙarni na 19.

Garin kansa an haɗa shi ne a 1535, lokacin da Sarki Charles na Biyar ya ba da umarni ƙauyuka 24 su taru wuri ɗaya. Tun daga nan suke zaman maƙwabtaka da wuta. Aman 1651 ya ci gonaki da wani ɓangare na garin. Na 1832 ya matso dab da gidaje. A 1843 kuwa narkakken dutsen ya ci karo da ruwa, ya fashe, ya hallaka gomman mutanen da suke kusa. Duk da haka ba su tashi ba, kuma da wannan baƙin dutsen suka shimfiɗa tituna, suka yi dokin ƙofa da matakala.

Cikin gari ba zai ci maka fiye da rabin yini ba. Ka bi babban titi, Corso Umberto, har ka isa Collegio Capizzi, makarantar da wani limamin coci ɗan garin, Ignazio Capizzi, ya kafa a shekarun 1770, ta zama ɗaya daga cikin sanannun makarantun Sisili. Tsohon ɗakin karatunta yana nan. Daga nan ka shiga lunguna masu matakala, ka hau sama, ka waiwayo ka ga kwarin kogin Simeto a ƙasa.

Wurin da nake so ku ba lokaci yana wajen gari, kimanin kilomita 13 ta ɓangaren Maniace. Ana kiransa gidan sarautar Nelson. Asalinsa gidan ibadar Kirista ne da Sarauniya Margaret ta sa aka gina a ƙarni na 12, kusa da filin da kwamandan Rumawa George Maniakes ya gwabza da Musulmi a 1040. A 1799 Sarki Ferdinand na Napoli da Sisili ya ɗauki gidan da ƙasar Bronte ya ba Horatio Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Ingila, tukuicin taimakonsa da ya yi wajen murƙushe juyin juya hali a Napoli. Nelson bai taɓa taka ƙafarsa a Bronte ba har ya mutu a 1805. Amma magadansa suka ci gaba da riƙe ƙasar, manoman da aka haifa a kanta suna noma suna biyan wasu.

Wannan ne ya haifi abin da ya faru a 1860. Garibaldi, jagoran yaƙin haɗa kan Italiya, ya shigo Sisili, ya yi alƙawarin raba wa talakawa filaye. Mutanen Bronte suka jira, ba su ga komai ba. A farkon Agusta suka yi bore, aka ƙona gidaje da ofisoshi, aka kashe mutum 16. Garibaldi ya turo kwamandansa Nino Bixio, aka yi shari'ar gaggawa, ranar 10 ga Agusta aka harbe mutum biyar. Cikinsu har da lauya Nicolò Lombardo, da wani bawan Allah mai taɓin hankali. Ƙasar ba ta fara komawa hannun manoma da gaske ba sai bayan dokar rabon filaye ta 1950, gidan kuma sai a 1981 magadan suka sayar wa hukumar garin. In kun shiga lambunsa mai sanyi da manyan itatuwa, ku tuna da waɗanda guminsu ya ciyar da shi. Kafin ku kama hanya ku tabbatar a buɗe yake a ranar.

Mai son tafiyar ƙafa ya hau Piano dei Grilli, a saman gari, cikin gandun Etna. A can za ka ga narkakken dutsen da ya sandare a murɗe, ga ƙananan tsaunukan da suka taɓa aman wuta, ga ƙolin Etna yana hayaƙi. Ka tafi da ruwa da rigar sanyi, ko da rani ne.

Sai maganar ciki. Kusan komai a Bronte da fustuk ake yinsa. Ana niƙa shi da man zaitun a juya taliya da shi. Ana sa shi a arancini, dunƙulen shinkafa da ake soyawa. Akwai kek, akwai gelato, wato askirim ɗin Italiya, akwai kuma granita, niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai zaƙi da mutanen Sisili suke karya kumallo da ita da burodi mai laushi. 'Yan uwa Musulmi, a nan sai an kula. Taliyar fustuk sau da yawa ana zuba mata pancetta ko speck, mortadella da salsiccia ma haka, duk naman alade ne. Akwai kuma strutto, kitsen alade, wanda yake shiga wasu kayan fulawa, har da ɓawon wani soyayyen kayan zaƙi mai suna cannoli, wanda kuma akan kwaɓa shi da giya. Ka riƙe kalmomi biyu, “senza maiale”, wato ban da alade, kuma ka tambaya kafin ka ci. Don sallar Juma'a ka sauka Kataniya, babban birnin da yake bakin teku a gabashin tsibirin, akwai babban masallaci a dandalin Cutelli da aka buɗe a 2012.

Hanyar zuwa ba ta da wuya. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Shengen, kuɗin da ake kashewa kuma yuro ne. Jirgi zai sauke ka a Kataniya. Daga can Bronte wajen kilomita 50 ne, tafiyar kusan awa ɗaya a mota ta Paternò da Adrano. Akwai kuma ɗan jirgin ƙasa mai siririn layi, Circumetnea, wanda aka shimfiɗa a ƙarshen ƙarni na 19 yana zagaye gindin Etna. Daga Adrano zuwa Bronte yana ratsa tsakiyar gonakin, kuma a ganina ya fi mota nesa ba kusa ba. Ka duba jadawalinsa tun da wuri, kada kuma ka dogara da shi ranar Lahadi. Shaguna sukan rufe bayan azahar har zuwa la'asar, don haka ka yi sayayyarka da safe.

Mai son ganin aiki ya zo farkon Satumba a shekarar girbi, ya sauka a ɗaya daga cikin gidajen gona da suke karɓar baƙi. Kada ka shiga gonar mutum sai da izini, kada kuma ka tsinki ko ƙwaya ɗaya, amfanin shekara biyu ne a rataye. Mai son taro da ciye-ciye ya jira bikin fustuk da ake yi wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba.

In ka zo sayen tsaraba, ka buɗe ido. Sunan Bronte ya yi tsada, don haka ana shigo da fustuk daga waje a sarrafa shi a yankin a manna masa sunan garin. Na ainihin yana ɗauke da rubutun “Pistacchio Verde di Bronte DOP” da tambarin Tarayyar Turai mai ja da rawaya, kuma daga Bronte da Adrano da Biancavilla kaɗai yake fitowa. In kwalbar niƙaƙƙe za ka saya, ka juya bayanta ka ga kashi nawa ne fustuk a ciki, domin wasu sukari da mai ne suka fi yawa. Ɓararre ka nema, ka ce a ba ka ɗaya ka ɗanɗana, in kuma ka ga farashin ya yi araha ƙwarai, ka ajiye ka ƙara gaba.