Wa Ke Auna Ma'aunin Jarabar Caca?

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Babu gwajin jini da zai nuna cewa caca ta kama mutum, ko cewa wasan bidiyo ya fi ƙarfin yaro. Abin da likitan ƙwaƙwalwa ke da shi a hannu tambaya ce: takarda mai jerin tambayoyi, kowace amsa da makinta, a ƙarshe a haɗa lissafi. Wannan takarda ma'auni ce, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi da mudun da aka buge wa gindi ya san cewa shi ma ma'auni sai an duba shi.

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu bi tarihinsa. A shekarar 1987, Henry Lesieur da Sheila Blume suka fitar da takardar da ake kira SOGS, wadda ta samo sunanta daga asibitin South Oaks a jihar New York ta Amurka. Tambayoyi 20 ne ake ba wa maki. Wanda ya samu 5 zuwa sama, ana ɗaukar mai yiwuwa caca ta zame masa ciwo. A asibiti ta yi aiki sosai, domin a tsakanin masu neman magani aka gina ta. Da aka fita da ita cikin gari ana yi wa jama'a tambaya gida-gida, sai masu bincike suka lura tana kama mutane da yawa waɗanda matsalarsu ba ta kai matsayin ciwo ba.

Me ya jawo haka? Mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai. A ce gari yana da mutum 1,000, kuma 10 ne a cikinsu ke da ciwon. A ce takardar tana gane 9 cikin kowane mara lafiya 10, tana kuma wanke 9 cikin kowane mai lafiya 10. Da jin wannan za ka ce ai ta yi ƙoƙari. To a cikin marasa lafiya 10 ta kama 9. Amma a cikin masu lafiya 990, za ta ɗora wa 99 ciwon da ba su da shi. Mutum 108 ke nan ta nuna, alhali 9 ne kaɗai na gaskiya. Takardar ba ta canza ba, mutanen da ake aunawa ne suka canza. Kuma waɗannan 99 ɗin mutane ne masu iyali da mutunci, ba ƙaramin abu ba ne a kira su masu jarabar caca.

Shi ya sa kafin a amince da takarda ake sa ta a gwaji iri-iri. Ana ba wa mutane ita yau, a sake ba su bayan mako biyu ko makamancin haka, a ga ko makin zai tsaya kusa da inda yake. Ana duba ko tambayoyin suna tafiya tare, wato ko abu ɗaya suke aunawa, da wani lissafi da Lee Cronbach ya gabatar a 1951, inda galibi ake son sakamako ya kai 0.7. Sai gwajin da a ganina ya fi duka nauyi: ƙwararren likita ya zauna da mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ya yi hira da su ba tare da ya ga makinsu ba, sannan a kwatanta hukuncinsa da na takardar. Wannan yana cin kuɗi da lokaci, amma ba abin da zai maye gurbinsa.

A Kanada, a 2001, an fitar da wata takardar auna jarabar caca da ake kira PGSI, mai tambayoyi 9, wadda tun farko don jama'ar gari aka tsara ta. Makinta daga 0 zuwa 27 ne, kuma daga 8 ake cewa akwai matsala sosai. Kowace takarda da aikinta. Ta Y-BOCS ta 1989, wadda ake amfani da ita ga masu ciwon waswasi, tsananin ciwon take aunawa a wurin wanda aka riga aka san yana da shi.

Wani abin kuma, fahimtar likitoci kan ciwon tana sauyawa. A 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya mayar da caca sashe ɗaya da shaye-shaye. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, kuma jarabar wasan bidiyo tana ciki. Ba da yawan awanni aka bayyana ta ba. Sharuɗɗan su ne mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya danne sauran lamuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma galibi hakan ya ɗauki wata 12. Takardar da ke ƙirga awanni kawai za ta haɗa mai sha'awa da mara lafiya a wuri ɗaya.

Yanzu mu dawo gida, inda cacar ƙwallo ta shiga wayoyin matasa. Kusan rabin tambayoyin SOGS a kan inda mutum ya samo kuɗin caca ne, ciki har da katin bashi na banki, sayar da hannun jari, rubuta cakin da babu kuɗi a bayansa. Matashi a Kano ko Maraɗi zai iya amsa a'a ga waɗannan ukun duka, alhali ya cinye kuɗin adashin mahaifiyarsa ko jarin shagon ubangidansa. Ga kuma kunya: caca haramun ce, mutum ba zai faɗi gaskiya ba idan yayansa na zaune a gefe. Don haka mayar da takardar zuwa Hausa matakin farko ne kawai. Sai an zauna da masu amsawa an ji yadda suka fahimci kowace tambaya, an gyara misalan su dace da rayuwarmu, an tanadi hanyar karanta wa wanda bai iya karatun boko ba a keɓe, sannan a sake kwatanta makin da hirar likita a nan, a gano ko iyakar makin da aka sa a Amurka ko Kanada ita ce ta dace da mutanenmu.