Tom Wills, ɗan kurket ɗin da ya kafa ƙwallon Ostareliya

Jama'a, a birnin Melbourne akwai wata ƙwallo da ake bugawa a fili mai siffar ƙwai, mutum 18 kowane ɓangare, a harba da ƙafa, a cafe da hannu, wani ma ya taka bayan wani ya ɗauko ta a sama. Mutumin da aka fi dangantawa da kafa ta sunansa Tom Wills, kuma shi kansa bai ɗauke ta da muhimmanci kamar kurket ba, wato wasan da ake jefa ƙaramar ƙwallo a doke ta da katako.

An haife shi a 1835. Ya tashi a gonar tumakin mahaifinsa a yammacin yankin Victoria na Ostareliya, cikin 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Djab wurrung. Da yaransu yake wasa, har ya iya harshensu. Yana ɗan shekara 14 aka tura shi Ingila, makarantar Rugby, inda wasan zari-ruga ya samo sunansa na Turanci, rugby. Uban lauya yake so ya samu. Sai yaro ya dawo a 1856 da gwanintar jifa da dukan ƙwallon kurket, ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta Victoria, yana lallasa maƙwabtansu na New South Wales.

To, kurket wasan lokacin zafi ne. Hunturu na shigowa sai 'yan wasa su zauna, jiki ya yi nauyi. A ranar 10 ga Yuli, 1858, Wills ya rubuta wa wata jaridar wasanni wasiƙa yana kira da a kafa kulob ɗin ƙwallo don kada jiki ya mutu. Wata guda bai cika ba ya yi alƙalancin wasa tsakanin makarantun Scotch College da Melbourne Grammar, mutum 40 kowane ɓangare. A watan Mayun 1859 shi da wasu mutum 3 suka zauna a otal ɗin Parade suka rubuta dokoki 10. Daga nan wasan ya kama ƙasa.

Sai 1861. Mahaifinsa, Horatio, ya kwashi tumaki da ma'aikata zuwa Queensland, wani wuri da ake kira Cullin-la-ringo, ƙasar da ke da masu ita. Ranar 17 ga Oktoba 'yan asalin yankin suka far wa sansanin, suka kashe mutum 19, har da uban. Tom ya tsira ne don an aike shi ɗauko kaya. Ramuwar da Turawa suka yi ta fi haka muni nesa ba kusa ba.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, shekara 5 bayan haka, wannan Tom ɗin ne ya horar da ƙungiyar kurket ta 'yan asalin ƙasa, ya shiga fili tare da su a Melbourne a Disambar 1866, yana musu magana da harshen da ya koya yana yaro. Da yawansu ne suka je Ingila a 1868, amma ba da shi ba.

Masu cewa wasan gargajiya na 'yan asalin ƙasar, Marngrook, shi ne ya ba shi dabarar ƙwallon suna da yawa, sai dai masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba, har yau ana ja-in-ja.

Giya ce ta cinye shi. A 1872 alƙalin wasa ya hukunta shi kan jifan ƙwallon kurket da ya saɓa doka, kuɗi suka ƙare, abokai suka ja baya. A Mayun 1880, yana da shekara 44, hankalinsa ya gushe saboda shan da ya yi masa yawa, ya kashe kansa. Kabarinsa ya shekara 100 ba ko suna, sai a 1980 kulob ɗin kurket na Melbourne ya sa masa dutse.