RAV4 ko CR-V? Mun je duba kat-kat biyu a Yamai

Assalamu alaikum jama'a. Yau daga Yamai nake magana, kuma ku yi haƙuri da gumin nan, watan Afrilu ne, ko wayar da nake ɗauka da ita ta yi zafi.

Shekarata uku ke nan da barin Kano, sana'a tana kai ni Tawa kusan duk wata. Tafiya ce ta sama da kilomita 500: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, sannan a karya arewa. Ƙaramar motata ta gaji, shi ya sa nake neman abin da mutanen nan ke kira kat-kat, wato mota mai ja da tayoyi huɗu. Ga su nan biyu, Toyota RAV4 ƙirar 2010 da Honda CR-V ƙirar 2009. Mu a gida 'yan Kwatano muke ce musu, amma tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 2023, dillalin ya ce nasa ta Lome suke biyowa, su ratso Burkina. Doguwar hanyar nan mai saye ne ke biyanta.

CR-V na fara shiga, kuma gaskiya ta sace min zuciya. Kujera mai faɗi, giya a jikin dashbod, ƙafa tana sakewa. Inji 2.4, giya biyar mai canza kanta. RAV4 kuwa giya huɗu ce, cikinta babu wani ado, ƙofar baya tana buɗewa gefe da safaya goye a bayanta.

Sai dai ban zo ni kaɗai ba, na taho da bakanikena, dattijo ɗan Maraɗi. Ku kalle shi. Ko fentin RAV4 ɗin bai duba ba. Ya zare sandar auna man inji, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Ya zagaya baya ya cusa yatsa cikin salansa, ya fito da shi ya nuna min: busasshen baƙi ne, babu maiƙo. "Alhaji, wannan ba ta shan mai," in ji shi. Dalilin binciken shi ne RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai inji 2.4 an san ta da shan man inji. Daga 2009 aka koma 2.5, kuma shi ne a cikin wannan.

Ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin CR-V, sai na ji ya yi tsaki. Bari in kawo muku kyamarar. Kun ga jan nan a jikin ƙarfe? Tsatsa ce, irin ta gishirin da ake watsa wa titi lokacin dusar ƙanƙara a Amurka da Kanada. Ya ƙwanƙwasa da sifana, ɓawo ya zubo masa a fuska. Dillali ya ce, "Baba, ai ƙura ce." Baba bai ko tanka ba.

Wani abin kuma, agogon CR-V ɗin mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Duk abin da ka gani a rubuce, ka ninka da 1.6.

Na tambaye shi kayan gyara. Ya ce a Yamai duka biyun za a samu, a leƙa Katako ko a aiko daga Kano. Amma in mota ta tsaya min tsakanin Ƙonni da Tawa da rana tsaka, yaron gareji na farko da zai zo, Toyota ya fi sani. Ni kuma abin da ya ƙara ja na, safayar nan ta baya: ba sai na sauke buhunan kaya a bakin titi ba kafin in canza taya.

Uwargida dai ta ga hotuna, CR-V take so. Za mu yi wannan shari'ar da dare.

RAV4 na ce a riƙe min. Gobe da safe za mu ɗora ta a rami, a kunna kilim, wato na'urar sanyi, a bar ta a rana mu ga ko sanyin zai riƙe, sannan a kawo min takardun duwan, wato kwastan, in gani da idona kafin dala ɗaya ta fita daga aljihuna.