Sharhi: Tsadar inshorar ƙananan jiragen sama da ƙarancin masu bayar da ita

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi masu ƙananan jiragen sama na ƙashin kansu, irin jirgin nan mai inji ɗaya da kujeru biyu zuwa shida, wanda galibi mai shi ne ke tuƙa abinsa. A wajejen shekarar 2019 waɗannan mutane suka fara kokawa da abu biyu, musamman a Amurka inda aka fi yawan irin waɗannan jirage. Kuɗin inshora ya yi ta hawa shekara bayan shekara, sannan wasu ko da kuɗin a hannu sun rasa kamfanin da zai karɓe su. Na biyun ya fi ciwo, domin jirgin da ba shi da inshora banki ba ya ba da rance a kansa, filayen jirgi da yawa ba sa ba shi rumfar ajiya, a wasu ƙasashen ma doka ba ta barinsa ya tashi.

Dokar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Amurka gwamnatin tarayya ba ta tilasta wa mai jirgin kansa yin inshora ba, sai dai wasu jihohi irin su Minnesota. A Tarayyar Turai kuwa, doka mai lamba 785 ta shekarar 2004 ta wajabta ta, ta kuma tsara mafi ƙarancin diyya gwargwadon nauyin jirgi, da ma'aunin kuɗin nan na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Jirgin da nauyinsa bai kai kilo 500 ba, SDR 750,000. Wanda bai kai kilo 1,000 ba, miliyan ɗaya da rabi. Wanda bai kai kilo 2,700 ba, miliyan uku.

Ita kanta inshorar gida biyu ce. Akwai ta gangar jikin jirgi, inda mai jirgi da kamfani ke amincewa tun farko kan kuɗin da za a biya idan jirgin ya lalace gaba ɗaya. Akwai kuma ta diyya, wadda ke biyan fasinjan da ya ji rauni, ko mutumin ƙasa da aka yi wa ɓarna, tare da kuɗin lauyoyi. A yawancin takardun inshora ɓangaren gangar jiki ne ya fi cin kuɗi, kuma da kaso cikin ɗari na darajar jirgi ake lissafa shi. A ɗauka jirgi na dala 100,000 ne, kason kuma ɗaya da rabi, to dala 1,500 ke nan. Idan kason ya koma biyu, darajar jirgin kuma ta hau zuwa 130,000, an kai dala 2,600 alhali mai jirgin bai taɓa goge ko fenti ba.

Mutum zai zaci matuƙa ne suka fara yawan hatsari. Ba haka zancen yake ba. Tushen matsalar ƙanƙantar kasuwar ne. Ƙananan jirage a Amurka wajen 200,000 ne, ga motoci kuwa sun haura miliyan 250. Kamfanin inshorar mota yana raba asara kan ɗimbin jama'a, shi kuwa na jirgi 'yan manyan da'awowi kaɗan sun isa su cinye ribarsa ta shekara. Kamfanonin da ke wannan harka ma ba su da yawa. Cikin sanannunsu akwai Global Aerospace da USAIG da Starr da Old Republic da Avemco. Kafin 2018 an shafe kusan shekara goma suna rige-rigen rage farashi don jan kwastomomi, har abin da suke karɓa ya kasa ɗaukar abin da suke biya. Wasu suka tattara suka bar kasuwar, waɗanda suka rage suka ɗaga farashi, suka kuma fara zaɓen wanda za su karɓa.

Ana cikin haka manyan asarori suka afka wa manyan jirage. Jiragen Boeing 737 MAX biyu suka faɗi, ɗaya a Indonesiya cikin Oktoban 2018, ɗaya a Habasha cikin Maris na 2019, mutum 346 suka rasu, aka kuma dakatar da samfurin kusan wata 20 a Amurka. A 2022 jiragen haya kimanin 400 suka maƙale a Rasha bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, lamarin da ya jawo shari'o'in biliyoyin daloli a kotunan Landan da Dublin. Mai ƙaramin jirgi zai ce ina ruwansa da wannan. Ruwansa kuwa shi ne, kamfaninsa ma inshora yake saya daga manyan kamfanonin da ke tsaya wa masu inshora, kuma su ne suka ɗauki waɗancan asarori. Da suka tsauwala farashi, sai da ya gangaro har kansa. Ga kuma yanayi. Guguwar da ta ratsa filin jirgin John C. Tune a Nashville cikin Maris na 2020 ta lalata jirage sama da 90 a dare guda, duk suna ajiye a ƙasa.

Amma abin da ya fi dawwama shi ne tsadar gyara, kuma a nan ya kamata mu ɗan daɗe. Yawancin kuɗin da kamfanoni ke biya a kullum ba na hatsarin da ake ji a labarai ba ne. Na ƙananan ɓarna ne a kan titin sauka. Mu ɗauki matuƙin da ya manta bai sauke tayoyi ba, jirgin ya sauka da ciki. Sau da yawa kowa zai fito da ƙafarsa lafiya lau. To amma farfela ta daki ƙasa, ta tashi aiki. Masu ƙera injuna, Lycoming da Continental, sun tanadi cewa idan farfela ta bugi wani abu sai an sauke inji an buɗe shi an duba. A Amurka ma akwai umarnin FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar, na 2004 da ya wajabta wani sashe na wannan bincike a injunan Lycoming. Dalili shi ne bugun yana iya tsaga karanshaf, wato sandar da ke juya farfela, ko ya sassauta giyar da ke bayanta, kuma ido ba ya ganin irin wannan tsaga. Sai inji ya mutu a sama bayan wasu awoyi sannan ta bayyana. Bayan inji akwai fallayen cikin jirgi da suka goge, da eriyoyi, da ƙofofin tayoyi, da kuɗin ɗaga jirgin daga titi. Kuskuren daƙiƙa kaɗan ya zama gyaran dubban daloli masu yawa da zaman watanni a wurin gyara.

Shekarun jiragen sun ƙara dagula lissafin. Cessna 172 ya fara fitowa ne a 1956, kamfanin ya daina ƙera ƙananan jiragensa masu fistin a 1986, bai dawo ba sai bayan dokar 1994 da ta taƙaita damar kai ƙarar masu ƙera jirgi zuwa shekara 18 bayan fitowar jirgin. Saboda haka da yawa daga jiragen da ke tashi yau ƙirar shekarun 1960 da 1970 ne. Kayan gyaran wasunsu an daina yi, sai dai a nemo daga jirgin da ya mutu ko a ƙera sabo ɗaya tal. Ƙwararrun makanikai sun yi ƙaranci, kuɗin awarsu ya hau. Sababbin jiragen ma ba su kawo sauƙi ba, don jikin da aka yi da zaren roba mai ƙarfi da na'urorin allo irin Garmin G1000 gyaransu sai ƙwararre. Shi ya sa ko farashin inshora ya lafa, kamar yadda ya saba yi idan sababbin kamfanoni suka shigo, da wuya ya koma inda yake a da.

Su wa ake ƙi? Na farko dattawa. Matuƙin jirgin fasinja na kamfani yana ajiye aiki a shekara 65, amma matuƙin kansa doka ba ta yanka masa shekaru ba muddin yana da takardar lafiya. Kamfanonin inshora ne suka yanka. Daga shekara 70 sharuɗɗa ke fara yawa: gwajin likita duk shekara, horo duk shekara, rage iyakar diyya, wani lokaci a ce sai da matuƙi na biyu a gefe. Kamfanin da bai taɓa hulɗa da mutum ba kuwa da wuya ya karɓi wanda ya haura haka idan jirginsa mai inji biyu ne ko mai naɗe tayoyi. A ganinmu wannan awo bai cika adalci ba. Dattijon da ke tashi awa 100 a shekara yana kuma zuwa horo ya fi matashin da ke tashi awa 15 kaifin hannu, kuma littafin awoyi da rahoton malami sun isa su nuna haka. Sai dai kasuwa ba ta sauraren hujja, don haka wanda ya doshi 65 ya zauna da kamfanin da ya san shi, kada ragin 'yan daloli ya sa ya yi ƙaura, domin kamfani ya fi haƙuri da tsohon kwastoma. Idan zai koma jirgi mai sauƙi, mai kafaffun tayoyi, ya yi tun kafin a tilasta masa.

Na biyu, sabon matuƙin da ya sayi jirgin da ya fi ƙarfinsa. Mai awa 100 da ya ɗauko jirgi mai sauri da naɗe tayoyi zai sha tsada a shekarar farko, in ma an karɓe shi. Haka mai jirgin da ƙaramar tayarsa ke wutsiya, wanda ke saurin juyawa da mutum a kan titi idan iska ta bugo daga gefe. Abin da kamfani ke dubawa shi ne jimillar awoyi, awoyi a kan wannan samfurin takamaimai, awoyin wata 12 da suka wuce, da lasisin tuƙi da na'ura cikin gajimare. Don haka a nemi farashin inshora kafin a biya kuɗin jirgi, ba bayan an biya ba.

Wajen neman farashin akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba. Yawancin kamfanonin ta hannun dillalai suke sayarwa, kuma kowane kamfani dillali ɗaya yake ba farashi a kan jirgi ɗaya. Wanda ya fara miƙa lambar jirgin ya tare ƙofa. Mai jirgin da ya kira dillalai biyar yana zaton gasa ya haɗa, alhali kasuwar ya toshe wa kansa. A zaɓi dillali ɗaya wanda jirgin sama ne sana'arsa, a tambaye shi kamfanoni nawa ya tuntuɓa da abin da kowanne ya ce. Idan ana son canza shi, akwai wasiƙar naɗa sabon dillali da ake sa wa hannu. A fara wannan aiki kwana 60 kafin wa'adi ya cika, da cikakkun awoyi da takardun horo, har da na shirin horon matuƙa na FAA da ake kira WINGS ga masu shi.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen neman sauƙi. Wasu kan rage darajar jirgi a takarda don kuɗin ya ragu. A ce jirgi ya kai dala 100,000 amma an rubuta 60,000, sai ya yi ɓarnar da gyaranta 50,000 ne. Kamfani zai lissafa cewa idan ya biya 60,000 ya karɓi jirgin ya sayar da ragowarsa 25,000, asararsa 35,000 ce kawai, ƙasa da kuɗin gyara. Sai ya biya, ya tafi da jirgin har da sabbin na'urorin da aka sa masa, mai shi kuma kuɗin hannunsa ba za su saya masa irinsa ba. Zuzuta daraja ma matsala ce, don kamfani zai dage kan gyara jirgin da ya kamata a haƙura da shi. Farashin tsofaffin jirage ya tashi sosai daga 2020 zuwa 2022, saboda haka duk wanda bai sabunta adadin ba ya duba takardarsa.

Sai iyakar diyya. Takardar da aka fi sayarwa a Amurka tana cewa dala miliyan ɗaya a kowane hatsari, amma 100,000 kacal ga kowane fasinja. Wannan adadi ba ya zuwa ko'ina a kuɗin asibitin wanda ya ji mummunan rauni, ragowar kuma daga dukiyar mai jirgi kotu za ta ɗauka. A kuma lura ko an rubuta "kowane fasinja" ko "kowane mutum", domin na biyun ya haɗa har da mutanen ƙasa cikin ƙaramar iyakar. Miliyan ɗaya marar wannan ƙaidi ta fi tsada, ita ce kuma kamfanoni suka fara janyewa daga dattawa da sababbin matuƙa.

Sharuɗɗan takarda su ma suna hana biya. A Amurka binciken jirgi na shekara yana ƙarewa bayan wata 12, bitar matuƙi bayan wata 24. Idan ɗaya ya wuce, ko aka ba aboki jirgi alhali bai cika awoyin da takarda ta gindaya ba, ko aka karɓi kuɗin haya a jirgin da aka rubuta na amfanin kai ne, kamfani na iya ƙin biya. A wasu jihohin sai ya nuna cewa saɓawar ce ta jawo hatsarin, a wasu kuwa ba ya buƙatar haka. Injin da ya mutu don tsufa ba a biyansa, ɓarnar da saukar gaggawa ta haifar ce ake biya.

Idan dole sai an rage wani abu, a rage a gangar jiki, inda asarar ke da iyaka, a bar diyya yadda take. Ana iya ɗaga kason da mai jirgi zai fara biya daga aljihunsa. Jirgin da ba bashi a kansa, mai shi kuma zai iya jure rasa shi, ana iya yi masa inshorar ƙasa kawai, wadda ke ɗaukar guguwa da ƙanƙara da gobara da sata, a haɗa da cikakkiyar diyya. A nan ma a karanta da kyau, domin wata takardar tana ɗaukar jirgi yana tafiya a ƙasa da ƙarfin injinsa, wata kuwa da zarar ya motsa ta sauke nauyinsa.