Sharhi: Wa Ke Koya Wa Yaranmu Aikin Jinya?

Jama'a masu sauraro barkanmu da war haka. Yau sharhin namu kan masu koyar da aikin lafiya ne, su da ke yaye mana nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na karkara, a makarantu irin su kwalejin jinya ta Vom da kwalejin fasahar lafiya ta Pankshin. Ni dai a ganina duk wanda zai tsaya gaban allo ya koyar da jinya, to ya kasance ya yi jinyar da hannunsa, ya kwana a asibiti kan mara lafiya.

Littafi zai gaya wa ɗaliba cewa jariri ɗan wata 2 zuwa 12 in yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya a yi zargin nimoniya, wannan kowa zai haddace ya ci jarrabawa. To amma ga uwa ta shigo da asuba cikin sanyin nan namu na Disamba, ta naɗe yaro da zani da suwaita da hula, yaro sai tsala kuka yake, ta yaya za ki ƙirga? Tsohuwar sista ce za ta ce miki bari ta ba shi nono ya lafa tukuna, sannan ki ɗaga rigar a hankali ki zuba wa ƙirjin ido ki ga ko yana lotsawa ciki. Haka in uwa ta ce ai gudawar nan haƙori ne yake fitarwa, wadda ta daɗe a aikin ba za ta daka mata tsawa ba don ta san in ta kunyata ta gobe ba za ta dawo ba, sai ta lallaɓa ta, ta haɗa ruwan gishiri da sukari a gabanta.

Mu mutanen Jos ma ai bai kamata a tuna mana ba. A 1969 aka kawo wata nas mai fama da zazzaɓin da daga baya aka sa wa suna Lassa, daga garin Lassa zuwa asibitin mishan da yanzu ake kira Bingham, ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta, a 1970 kuma Dakta Jeanette Troup ta kamu bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa, ita ma ta rasu. Har yau zazzaɓin Lassa na ɗaukar ma'aikatan asibiti, kuma wallahi malamin da ya taɓa rasa abokin aiki ta haka, in yana maganar safar hannu ɗalibai tsit suke yi.

Ɓangaren koyar da aikin jin daɗin jama'a ma haka ne, wanda bai taɓa zama da matar da rikicin Mangu ko Bokkos ya raba da gidanta ba, me zai ce wa ɗalibi kan yadda ake buɗe baki a fara yi mata magana?

Ba wai karatun aji ba shi da amfani ba ne fa, digiri dole ne. Amma muna da matan da suka shafe shekara talatin a ɗakin haihuwa sun yi ritaya suna zaune a gida, hukumomin makarantu su jawo su ko sau ɗaya a mako ne, a biya su. Lakcarori su riƙa komawa asibiti suna karɓar aiki lokaci-lokaci. Ɗaliban da aka tura asibitin koyarwa na Jami'ar Jos wato JUTH ko asibitin ƙwararru na Plateau Specialist ko ƙananan asibitocin unguwa kuwa, a haɗa kowanne da babba guda da zai tsaya a kansa, ya ga ɗalibin ya sa allura da ƙarin ruwa da hannunsa kafin a sa masa hannu a takarda.