Jam'iyya da mace-macen korona a Amurka: yadda ake karanta alƙaluman

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa. Da yawanku kun ga taswirar nan ta Amurka da ke yawo a intanet, wadda ke nuna cewa inda aka fi zaɓen Donald Trump a 2020 nan korona ta fi kashe mutane. Alƙaluman da ke ƙarƙashinta ba ƙarya ba ne, matsalar tana wajen fassara su, kuma a kanta za mu tsaya yau.

Tambayar farko ita ce: daga yaushe zuwa yaushe aka ƙirga? A watannin Maris da Afrilun 2020 annobar ta fi ɓarna a New York da New Jersey, yankuna masu cunkoso da manyan filayen jirgin sama, inda jam'iyyar Dimokurat, abokiyar hamayyar jam'iyyar Trump, ke da rinjaye. Wanda ya tsayar da lissafinsa a lokacin zai ce gundumomin Dimokurat ne ke mutuwa. An fara allurar rigakafi ranar 14 ga Disamba 2020, zuwa Afrilun 2021 kowane baligi yana iya yi, sannan nau'in korona na Delta ya shigo a tsakiyar shekarar. Daga nan lamarin ya juya. Gidan rediyon NPR ya ƙirga daga Mayun 2021, ya samu cewa a gundumomin da Trump ya ci kashi 60 ko fiye, yawan mutuwa ya kusa ninki uku na gundumomin da Joe Biden ya ci da irin wannan rata. Ƙasa ɗaya ce, cuta ɗaya, amma sakamakon ya danganta da ranar da ka fara ƙirga.

Na biyu, kuma nan ne mutane suka fi zamewa: wa aka auna, gunduma ko mutum? Amurka na da gundumomi sama da 3,100, kamar ƙananan hukumomi a wajenmu. Idan ka ce gundumar da Trump ya ci kashi 60 ta fi yawan mutuwa, ba ka faɗi wa ya mutu ba. Mutum 4 cikin 10 na masu zaɓe a can ba shi suka zaɓa ba, ga kuma waɗanda ba su yi zaɓe ba sam. Wannan kuskure tsoho ne. A 1950 wani masani, W. S. Robinson, ya ɗauki ƙidayar Amurka ta 1930, ya nuna cewa jihohin da suka fi yawan baƙi 'yan ci-rani sun fi yawan masu iya karatu, alhali idan aka bi mutum-mutum, baƙin sun fi 'yan ƙasa rashin iya karatu. Dalili kuwa, baƙin sun sauka ne a jihohin da dama can ake da ilimi. Abin da ya tabbata a kan yanki ba dole ya tabbata a kan mazauninsa ba.

Sai girman gunduma. Los Angeles na da mutum kusan miliyan 10, gundumar Loving a Texas ba ta kai mutum 100 ba. Idan ka ba kowace ɗigo ɗaya a jadawali, mutuwar mutum biyu a ƙaramar gunduma za ta harba adadin sama. Dole a ba kowace nauyi daidai da yawan jama'arta.

Shekaru kuwa su ne babban abin da ke rikita lissafi. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda korona ta kashe a Amurka 'yan shekara 65 ne zuwa sama, gundumomin karkara kuma, inda Rifablikan, jam'iyyar Trump, ke da ƙarfi, sun fi yawan tsofaffi, sun fi nisa da manyan asibitoci, kuma ciwon suga da ciwon zuciya sun fi yawa. Aikin da za a yi shi ne a raba jama'a rukuni-rukuni, misali 25 zuwa 64, 65 zuwa 74, 75 zuwa 84, 85 zuwa sama, a fitar da adadin mutuwa cikin kowane mutum 100,000 a kowane rukuni, sannan a haɗa su da ma'auni ɗaya. Amma a kula: kada a cire tasirin rigakafi kamar yadda aka cire na shekaru. Idan ra'ayin siyasa ta hanyar ƙin allura yake aiki, cire rigakafi daga lissafi zai goge abin da ake nema ne gaba ɗaya.

To, akwai binciken da ya bi mutum-mutum? Akwai. Masana uku daga jami'ar Yale, Jacob Wallace da Paul Goldsmith-Pinkham da Jason Schwartz, sun haɗa rajistar masu zaɓe ta jihohin Ohio da Florida da takardun mutuwa na mutum fiye da rabin miliyan, aka buga a mujallar JAMA Internal Medicine a 2023. Ba su dogara da abin da aka rubuta a matsayin sanadin mutuwa ba, domin bayanan da suka samu ba su ƙunshi sanadin mutuwa ba. Rarar mutuwa suka auna, wato yawan da ya ɗaru a kan abin da aka saba gani kafin annoba. Kafin rigakafi ta wadata, 'yan Rifablikan da 'yan Dimokurat kusan kunnen doki suke. Bayan 1 ga Afrilu 2021, rarar ta Rifablikan ta fi ta Dimokurat da maki 7.7, wato kashi 43 cikin ɗari.

Ku lura da waɗannan lambobi biyu, abu ɗaya suke faɗa. Rarar Dimokurat kusan kashi 18 ce, ta Rifablikan kusan 26. Bambancin maki 7.7 ne, idan ka raba shi da 18 sai ya ba ka kashi 43. Jarida ta fi son 43 don ya fi girgiza mai karatu, wasu ma sai su rubuta kamar kashi 43 na 'yan jam'iyyar ne suka mutu, wanda shirme ne.

A ganina wannan bincike hujja ce mai ƙarfi cewa rigakafi na cikin maganar, saboda ratar ta buɗe ne daidai lokacin allura, ta fi faɗi a gundumomin da ba a yi allura sosai ba, kuma ƙuri'ar jin ra'ayi ta cibiyar binciken harkokin lafiya ta KFF a ƙarshen 2021 ta nuna kusan 9 cikin 10 na Dimokurat sun yi allura, Rifablikan kusan 6 cikin 10. Sai dai masu binciken ba su da bayanin wa ya yi allura wa bai yi ba, ba su da na kuɗin shigar kowa. Jihohi biyu ne kawai cikin 50, kuma ratar ta fi fitowa a Ohio. Can kuwa ba a yin rajista da sunan jam'iyya, ana gane ɓangaren mutum ne daga zaɓen fid da gwanin da ya shiga, saboda haka wanda bai damu da wannan zaɓe ba bai shiga ko wane ɓangare a lissafin ba.